Jirgi yana tsaye, ƙofa a rufe: fashin baƙi kan makara ranar shiga jirgin ruwan shaƙatawa

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Kawo ya san cewa lokacin tashi magana ce da ake sasantawa. Ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya alhali kuwa saura huɗu, direba ya tafi cin abinci, wata Hajiya ta ajiye jakarta a kujerar gaba ta koma sayen tsaraba, kuma babu mai cewa a tashi a bar ta. Idan ma motar ta fara mirginawa, ihu ɗaya daga baya ya isa ya tsayar da ita a bakin ƙofa. Jirgin ƙasan Rigasa, wanda ya fara jigila tsakanin Kaduna da Abuja a 2016, ya ɗan koya mana cewa akwai abin hawan da ba ya jiran kowa, amma ko shi, ganin yana tsaye yana nufin akwai sauran dama. Da wannan sabo ne mutanenmu masu hali suke zuwa Dubai ko Jidda ko Durban ko Barcelona domin shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda ake kwana a cikinsu mako guda suna zagaya biranen bakin teku, kuma a can ne sabon yake cin amanarsu.

Kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Unguwar Rimi, ya ɗanɗana wannan a wani watan Disamba. 'Ya'yansa suka haɗa kuɗi suka biya masa shi da Hajiya tafiyar kwana bakwai a tekun Bahar Rum, jirgin zai tashi daga Barcelona ranar Asabar da ƙarfe shida na yamma. Aka yanka musu tikitin jirgin sama mai tashi daga Abuja daren Juma'a, wanda zai yada zango a wata ƙasa, ya sauke su a Barcelona kafin azahar. A takarda lissafin ya fita sarai, har da rarar sa'o'i shida. Sai hazo ya sauko a daren, jirgin da zai ɗauke su ya makara wajen sauka, suka isa zangon bayan jirgi na biyu ya tashi, aka ɗora su a kan na gaba. Ƙarfe biyar da minti goma tasi ta sauke su a tashar jiragen ruwa, saura minti hamsin cur a tashi.

Jirgin yana nan tsaye kamar unguwa guda, igiyoyinsa a ɗaure, fitilu a kunne, mutane a saman bene suna ɗaga hannu. Zauren tantance fasinjoji kuwa wayam, an kashe kwamfutoci, sai mai gadi da wata ma'aikaciya tana tattara takardu. Kawu ya nuna tikiti, ya nuna agogo, ya nuna jirgi, ya roƙa da duk Turancin ofis da ya tara cikin shekara talatin da biyar, matar ta saurare shi cikin ladabi ta ce an rufe. Daga nan ya kira ni.

"Ɗana, ga jirgin nan ina kallonsa da idona, ko motsi bai yi ba, amma sun ce wai mun makara. Wace irin makara ce wannan?"

"Kawu, ku yi haƙuri, ku duba takardar nan da aka turo ta waya. Ban da ƙarfe shida, akwai wani lokaci da aka rubuta?"

Ya yi shiru, ina jin Hajiya tana salati daga gefe, sa'annan ya ce akwai, an rubuta ƙarfe huɗu da rabi da ƙananan baƙaƙe.

Tambayar Kawu ita ce ainihin maganar, domin ranar shiga jirgi lokuta uku gare ta, kuma wanda ya fi fitowa ɓaro-ɓaro a tikiti shi ne wanda bai shafi fasinja ba. Na farko shi ne lokacin isowa da mutum yake zaɓa sa'ad da yake cike bayanansa ta intanet kwanaki kafin tafiya, yawanci tazarar rabin sa'a, misali daga sha biyu zuwa sha biyu da rabi. An ƙirƙiro shi ne don kada dubban mutane su yi cincirindo a ƙofa lokaci guda, kuma wanda ya wuce shi ba a korarsa, iyaka dai ya ɗan jira. Na biyu shi ne lokacin rufe tantancewa, wanda yake zuwa minti 60 zuwa 90 kafin tashi a yawancin kamfanoni, wasu ma sukan nemi sa'a biyu. Kamfanin Royal Caribbean, alal misali, yana sharɗanta cewa fasinja ya gama tantancewa ya shiga jirgi minti 90 kafin tashi. Na uku shi ne lokacin da ake kwance igiya, kuma wannan alƙawari ne tsakanin kyaftin da hukumar tasha. Mutum yana iya saɓa na farko ya kwana lafiya a ɗakinsa na jirgi, yana kuma iya riga na uku da kusan sa'a guda, kamar Kawu, ya kwana a otal.

Dalilin da ya sa ake rufe ƙofa da wuri ya fara ne daga abin da mu ma muka sani a tashoshinmu, wato takardar manifes da ake miƙa wa fasinja ya rubuta sunansa da lambar wayar wani nasa. Bambancin shi ne a tasha yaron mota yakan cusa ta a aljihu, a teku kuwa gwamnatoci ne suke jiranta. Yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS, wadda aka fara tsarawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912, aka kuma sabunta a 1974, ta wajabta a ƙirga duk wanda ke cikin jirgin fasinja kafin ya bar tasha. Tarayyar Turai ta ƙara nata ƙa'idar a 1998, ta ce a rubuta sunayen mutanen idan tafiyar ta wuce mil 20 na teku. Amurka kuwa tana buƙatar jirgin da zai bar tasharta ya aika wa hukumar kwastan da tsaron iyaka cikakken jerin sunaye minti 60 kafin tashi, domin a bincika ko akwai wanda ake nema ko wanda aka hana fita. Da zarar an aika jerin, bakin alƙalami ya bushe. Ƙara suna guda yana nufin a sake buɗe lissafin, a sake aikawa, a sake jiran amincewa, kuma ma'aikaciyar da Kawu yake roƙo ba ta da wannan iko ko da ta so. Wannan ne abin da ya fi yi wa mutanenmu wuyar haɗiya, saboda mun taso a inda kowace ƙofa take da mai ita, kuma kowane mai ƙofa yana da wanda yake jin kunyarsa.

Akwai kuma binciken tsaro. Tun daga 1 ga Yulin 2004, bayan harin 11 ga Satumban 2001, aka shimfiɗa wa tashoshin ruwa da jirage ƙa'idojin tsaro na duniya, saboda haka fasinja da kayansa sai sun bi ta na'ura kamar a filin jirgin sama, a duba fasfo da biza da katin rigakafin shawara ga wanda hanyarsa ta buƙata, a ɗauki hotonsa, a ba shi katin da zai zama mabuɗin ɗakinsa kuma shaidar shiga da fitarsa. Masu wannan aiki galibi ma'aikatan tudu ne da ake ɗauka na wuni, kuma idan lokacinsu ya cika sukan nannaɗe kayansu su tafi gida.

Abin da ya fi nauyi a cikin dalilan, a ganina, shi ne atisayen ceton rai. Kowane fasinja yana da wurin taruwa da aka ware masa idan an buga ƙararrawar haɗari, kuma dole ne ya san wurin, ya san yadda ake ɗaura rigar ceto, ya san kwale-kwalen da zai shiga. A da dokar ta ba da sararin sa'o'i 24 bayan shiga jirgi kafin a yi wannan atisaye. A daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya tashi daga tashar Civitavecchia ta Italiya da mutum sama da 4,200, ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio sa'o'i kaɗan bayan tashi, ya kwanta a gefensa, mutum 32 suka rasu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba, domin an tsara shi sai washegari, suka yi ta gudu cikin duhu ba su san inda za su nufa ba. Bayan wannan ne hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedikwata a Landan, ta gyara dokar, kuma daga 1 ga Janairun 2015 ya zama tilas a yi atisayen kafin jirgi ya tashi ko nan take da tashinsa. Yanzu jirage da yawa sun sauƙaƙa shi, mutum ya kalli bidiyo a wayarsa sa'annan ya je wurin taruwarsa a karanta katinsa, amma sai kowa ya yi, kuma ana bin waɗanda ba su yi ba da kira ta lasifika. Sa'ar nan ta ƙarshe da Kawu yake gani kamar jirgi yana zaman banza, a cikinta ake wannan aiki.

Ya kamata kuma a hango girman abin da ake juyawa a wuni guda. Jirgin da zai tashi da yamma, da asubar ranar ya dawo daga zagayen makon jiya cike da mutane. Sai an sauke su duka da hantsi, hukuma ta tabbatar babu ko mutum ɗaya da ya rage, a share dubban ɗakuna a sauya shimfiɗa, a kwashe shara, a sha mai, a loda abincin mako, sa'annan a fara shigar da sababbin baƙi wajen sha ɗaya. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata 2,350. Da a ce za a kwashe fasinjojinsa a bas mai cin mutum 18, sai an jera bas sama da 420. A irin wannan taro ba za a rasa wanda jirgin samansa ya makara ba, da wanda ya manta fasfo a otal, da wanda direban tasi ya kai wata ƙofa daban, kuma kowannensu uzurinsa na gaskiya ne. Idan aka jira na farko babu hujjar barin na goma.

Shi kansa kyaftin ba shi kaɗai yake da lokacin tashinsa ba. Babban jirgi ba ya fita daga tasha sai da jagora, wato wani ƙwararren matuƙi ɗan gari wanda ya san zurfin mashigar da igiyar ruwanta kamar yadda ɗan acaɓa ya san lungunan Tudun Wada, kuma an ba shi sa'ar da zai hau, bayanta yana da wani jirgin da ke jiransa. Akwai masu kwance igiya a bakin gaɓa, akwai ƙananan jirage masu ja da turi idan ana iska, akwai hasumiyar da ke ba kowane jirgi layinsa, domin mashigar tasha ƙunci gare ta kuma jiragen kwantena da na mai suna bin ta dare da rana. A wasu tashoshin har cikowa da janyewar teku suna da ta cewa, jirgin da ya rasa cikowar yamma sai ya jira ta gaba. Jinkirin minti ashirin saboda mutum biyu yana iya zama jinkirin sa'a biyu idan layin ya wuce, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata kuɗi ake biyansa a kan lokaci.

Sa'annan ga lissafin mai, wanda direbobin tirela za su fi kowa ganewa. Man da jirgin ruwa yake sha ba ya hawa daidai da gudu, yana hawa ne fiye da haka nesa ba kusa ba. A ɗauka, don misali kawai, jirgi yana da mil 300 na teku a gabansa da sa'o'i 15, wato zai yi mil 20 a kowace sa'a. Idan ya yi asarar sa'a guda a tasha, sai ya ƙara gudu zuwa kusan 21 da rabi kafin ya isa a kan lokaci, kuma wannan ɗan ƙarin yana iya ɗaga man tafiyar da kusan kashi 15 cikin ɗari. Idan kuwa ya ƙi ƙara gudu, ya isa a makare, dubban mutanen da suka biya kuɗin yawon gari a tasha ta gaba su ne za su yi asara.

Wannan ba ya nufin jirgi bai taɓa jira ba. Yakan jira, amma wanda yake jira shi ne wanda kamfanin ya ɗauki nauyinsa. Idan fasinja sittin suna cikin jirgin sama guda da kamfanin ya yanka musu tikitinsa, ko suna cikin bas ɗin kamfanin da cunkoso ya riƙe a hanya, ana sane da su, sunayensu suna hannu, kyaftin yakan ɗan saurara gwargwadon yadda tasha ta yarda, idan bai yiwu ba kamfanin ya ɗauki ɗawainiyar kai su tasha ta gaba. Wanda ya yanki tikitinsa da kansa domin ya fi araha, kamar yadda 'ya'yan Kawu suka yi, ya ɗauki nauyin kansa, kuma haka aka rubuta a cikin sharuɗɗan da kowa yake danna amincewa bai karanta ba. Mun ga irin wannan a maƙwabtanmu a Maris na 2024, ko da yake a tsakiyar tafiya ne ba ranar shiga ba, lokacin da jirgin Norwegian Dawn ya bar fasinja takwas a tsibirin Sao Tome bayan sun dawo a makare daga yawon da suka shirya da kansu. Jirgin yana tsaye a ruwa suna hango shi, amma fasfonsu an riga an miƙa wa wakilin tasha. Suka bi shi zuwa Banjul ta Gambiya, can kuma yanayin teku ya hana shi tsayawa, sai a Dakar ta Senegal suka samu suka koma ciki bayan kusan mako guda.

Idan aikin gama ya gama, tambaya ta farko da kowa yake yi ita ce ta kuɗi, kuma amsarta ba ta da daɗi. A wurin kamfani, wanda bai zo ba daidai yake da wanda ya soke tafiya a ranar tafiya, wato ya yi asarar kuɗin baki ɗaya, in ban da harajin tasha da wasu kan mayar. Kamfanin jirgin saman da ya jawo makarar yana da alhaki a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya take ciki, sai dai diyyar tana da iyaka, kuma idan ya nuna ya yi iya ƙoƙarinsa amma yanayi ya fi ƙarfinsa, to da wuya a samu komai, hazo kuwa babu wanda zai ce laifin wani ne. Abin da ya rage shi ne inshorar tafiya, kuma nan ma akwai tarko. Mai neman bizar Turai dole ne ya nuna inshora, shi ya sa da yawa suke zaton sun rufe wannan ƙofa, alhali inshorar da ofishin jakadanci yake nema ta rashin lafiya ce da ɗaukar majiyyaci zuwa gida. Wadda take biyan asarar rasa jirgi saboda jinkirin hanya sashe ne daban da sai an nema an biya, kuma ita ma tana son takardar shaida daga kamfanin jirgin sama da rasit na otal da na mota.

Tambaya ta biyu ita ce ko za a iya bin jirgin a tare shi a gaba. Ana iyawa sau da yawa, amma da izini, kuma ba a ko'ina ba. Matakin farko shi ne kiran lambar gaggawa da ke jikin takardun tafiya tun mutum yana filin jirgin sama, domin kamfani ya san yana tafe kada a rubuta shi cikin waɗanda suka fasa, sa'annan a nemi amincewar hukumomin tasha ta gaba ta hannun wakilin jirgi a can. A Amurka akwai wata tsohuwar doka ta 1886 da ta hana jirgi mai tutar wata ƙasa ɗaukar fasinja daga wata tashar Amurka ya sauke shi a wata tashar Amurka daban, kuma kusan duk manyan jiragen nan tutar Bahamas ko Panama ko Malta da makamantansu suke ɗauke da ita. Wanda ya rasa jirgin da ke zuwa Alaska daga Seattle, ya ce zai tare shi a Juneau, wadda ita ma tashar Amurka ce, ya zama fasinjan da aka ɗauka a Juneau aka sauke a Seattle, wannan kuwa karya doka ce mai tarar ɗaruruwan daloli a kan kowane mutum, saboda haka kamfanoni sukan ƙi. Tasha ta farko ta wata ƙasa a wannan hanya, Victoria ta Kanada, galibi sai daren ƙarshe ake zuwa, lokacin da tafiyar ta riga ta ƙare.

Ga mai koren fasfo kuma akwai ƙarin wani shinge da Bature bai san da shi ba. Ƙasashe da dama suna sassauta wa wanda ya sauka daga jirgin ruwa na 'yan sa'o'i, amma wanda ya zo ta filin jirgin sama baƙo ne kamar kowane baƙo, sai da bizar ƙasar, biza kuwa ba a samunta cikin dare guda. Mai bizar Turai ta shiga sau ɗaya, idan hanyar bin jirgin ta fitar da shi daga yankin, ba zai iya komowa ba. Gajerun tafiye-tafiyen da ake yi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik sun fi kowanne rashin mafita, domin jirgin yakan yada zango ne a bakin tsibiri a kwashi mutane da ƙananan jirage zuwa rairayi, kwana uku ko huɗu ya komo, babu wata tashar da za a tare shi. Tekun Bahar Rum da yankin Gulf sun fi sauƙi, saboda biranen suna kusa da juna, kuma wasu kamfanonin dama suna ɗaukar fasinja a tasha fiye da ɗaya.

Idan aka bi diddigi, makarar Kawu ba a Barcelona ta faru ba, ba kuma a daren hazo ba. Ta faru ne a falonsa na Unguwar Rimi makonni shida kafin nan, ranar da aka zauna ana kwatanta farashi aka ga cewa tashi ranar Alhamis zai ƙara kuɗin otal na dare guda. Mutumin Landan da zai shiga jirgi a Southampton yana da zango guda a gabansa, a mota ko a jirgin ƙasa, idan ɗaya ta ƙi ya bi ɗaya. Mutumin Kaduna sarƙa yake ja mai ƙulli biyar ko shida. Sai ya isa Rigasa ya samu jirgin ƙasa mai tafiyar kilomita 186 zuwa Idu, ko ya bi titin Abuja da ya shafe shekaru ana aikinsa, sai ya isa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, sai jirgin ya tashi a kan lokaci a watannin da hazo yake rufe sararin Arewa, daga Disamba zuwa Fabrairu, waɗanda kuma su ne watannin da jiragen shaƙatawa suke cika a Dubai da Jidda da Durban. Sai ya kama jirgi na biyu a Addis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul ko Doha, sai ya bi layin shige da fice da fasfon da ake yi wa tambayoyi fiye da na wasu, sai akwatinsa ya fito. Ga agogo kuma, Dubai tana gaban Kaduna da sa'a uku, Jidda da biyu, Durban da ɗaya, kuma mutum mai gajiya yakan manta bai gyara na hannunsa ba. Rarar sa'o'i shida a kan irin wannan sarƙa ba rara ba ce, domin jirgi na gaba daga zango sau da yawa sai bayan sa'o'i masu yawa, wani lokaci sai washegari.

Abin mamakin shi ne mun san wannan darasi a wani fage. Maniyyatan Kaduna sukan tare a sansanin alhazai na Mando tun kafin a kira jirginsu, su kwana a kan tabarma suna jira, kuma babu mai ganin wannan ɓata lokaci ne, domin kowa ya san Arfa ranarta ɗaya ce. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma da yake wannan tafiyar sunanta shaƙatawa, sai a ɗauka komai nata mai sassauci ne. Ni dai a nawa lissafin, mai tashi daga Kaduna ya kamata ya sauka a birnin da jirgin yake kwana biyu kafin ranar shiga, kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci, ya riƙe fasfo da magani da kayan sawa na kwana biyu a jakar hannu, ya isa tasha da hantsi, ya yi azahar a cikin jirgi. Kuɗin otal na dare biyu ba ya wuce kashi kaɗan na abin da aka zuba a tafiyar.

Su Kawu dai Allah ya taimake su da cewa tasha ta gaba Marseille ce ta Faransa, bizarsu guda ta wadatar, kuma akwatunansu suna hannunsu. Babban ɗansa ya yi ta waya daga Kaduna har bayan isha'i kafin aka turo saƙon amincewa. Suka kwana a wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa, Hajiya ba ta runtsa ba, da asuba suka kama hanyar kimanin kilomita 500, fiye da ninki biyu na nisan Kaduna zuwa Kano, suka sauya jirgi sau ɗaya a hanya. Da azahar wakilin jirgi ya tarbe su a ƙofar tasha da sunayensu a rubuce a kan kwali, aka bincika kayansu, aka ɗauki hotonsu, aka ba su katunansu. Kafin a nuna musu ɗakinsu, wani matashin ma'aikaci ya kai su wurin taruwarsu a bene na bakwai, ya ɗauko rigar ceto ya rataya wa Kawu a kan babbar rigarsa, ya nuna masa inda ake ɗaure maɗaurin da inda usur yake.